Moter da Gwiwa: Zuwa ga Ɗana Isuhu Kafin Ya Shiga Teku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Agadas zuwa Yamai, hannun ɗana Isuhu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da mutanen gidan da suka sauke ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya lau. Allah Ya tsare ka a hanyar ƙasa da ta ruwa, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Innarka tana gaishe ka.

Ba zan ba ka labarin gari ba. Kwanan nan ka bar shi, ka san abin da fari ya yi mana, ka ga bukkokin makiyaya sun kewaye mu ta ko'ina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ranar da ka durƙusa a gabana ka ce tsohon Nasaran da ka gyara wa mota ya nemi ka bi shi Dakar, ka zauna cikin jirginsa na ruwa kana kula masa da moter, wato injin jirgin, ban ba ka amsar kirki ba. Na ce, "Me ya haɗa ɗan Agadas da teku?" na tashi na bar ka a nan. Da na raka ka tasha ma maganar ta ƙi fita. To yau ina gaya maka na yarda, kuma da zuciya ɗaya na yarda. Na ji takardunka na fita suna jiran sa hannun sojoji, za ka ɗan jima a Yamai, shi ya sa na ba wani shofer, direba irina, wannan ya kawo maka.

Yadda ka bayyana mini, iska ce ke tura jirgin da wani babban ƙyalle da ake ɗagawa a kan dogon sanda. Moter ɗin ƙarami ne, mai shan man gazuwal, wato dizal, yana ƙarƙashin daɓen jirgin, ba a tada shi sai iska ta ɗauke ko za a shiga tashar jirage. Ku uku ne, shi da matarsa da kai, a ciki za ku ci, a ciki za ku kwana. Teku ban san shi ba, ba zan yi maka ƙaryar sani ba. Amma a kan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, na tsufa, kuma abu biyu na sani don sun wahalar da ni: moter da gaɓoɓin jiki. Ka karanta a tsanake.

Shekarar babban fari na farko, wadda sojoji suka karɓi mulki a cikinta, kana makarantar allo. Kaya suka ƙare, ba mai saye ba mai aikawa. Na kai kamiyo bayan gida na lulluɓe ta, ta yi watanni ban ko leƙa ta ba. Innarka ta ce mini, "Malam, ba ka ɗan tada motar nan ta sha iska?" Na ce mata, "Da wane gazuwal? Ƙarfe ce, ba jaka ba ce da za ta rame."

Wata safiya sai ga soja a ƙofar gida, wani Bazabarme, Kaporal Sumana. Ya ce an kawo dawar taimako, gwamnati na neman duk wata kamiyo mai tafiya, kowace mota an ba ta rijiyar da za ta kai wa hatsi. Tawa rijiyar tana can gaban Ingal, inda makiyayan da dabbobinsu suka mutu suka taru suna jira. Na yaye mayafin motar, na murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Batir ya mutu, baƙin mai ya yi kauri, robobi sun bushe sun tsage. Sauran motoci suka yi lodi suka tafi ina gani, ni kuwa ina kwance ƙarƙashin tawa, kaporal na tsaye a kaina yana duba agogo.

Wannan shi ne na farko, kuma shi ya fi ba ni tsoro a aikinka. Moter ɗin da ake mora kullum yana gaya maka ciwonsa tun yana ƙarami. Naka kuwa zai yi ta barci muddin iska na yi muku aiki, ranar da za a neme shi ita ce ranar da iska ta ɗauke, ko ta juya tana tura ku kan duwatsu. Don haka kada ka bari ya daɗe shiru. Ko iska na da kyau, ko mai jirgi ya ce a yi tattalin gazuwal, ka tada shi ya yi zafi sosai, ka tsaya ka saurare shi. Kowace safiya bayan salla ka zare sandar awon mai ka duba, ka murza man a yatsunka. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, kada ka tada. Ka taɓa igiyar robar da ke juya fanka ka ji ko ta saki. Ka leƙa ƙarƙashin moter ka ga ko wani abu ya ɗiga. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba.

Da na samu na gyara motata ta tashi, gaggawa ta cika ni. Muka je wurin ba da gazuwal, mai bayarwa ya nuna mini tono, wato gangar ƙarfen da man ke ciki, ya ce, "Shofer, yanzu aka mirgino tonon nan, kuma ƙarshensa ne. Bari ya kwanta tukuna." Na ce, "Mutane na jiran abinci kana ce mini ya kwanta? Zuba." Ko ƙyallen tacewa ban sa a bakin tanki ba. Muka yi lodi muka fita, ni da kaporal kaɗai.

Mun wuce rabin hanya, rana ta take, sai moter ya fara tari. Ya yi farin hayaƙi, ya ja, ya saki, ya mutu. Na kwance matatar gazuwal, ruwa da tsatsa suka zubo mini a tafin hannu. Ba ni da wata matata a mota. Ba inuwa, ba kowa, sai gawar shanu nan da can a bushe.

Kaporal ya ce, "Shofer, in nufinka mu bar motar mu taka, ni ba na barin hatsin gwamnati a daji."

Na ce, "Ba wanda zai taka, Kaporal. Jingine bindigar ka riƙe mini wannan bututu."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sannan ya jingine ta. Muka tsiyaye tanki duka cikin jarkoki, muka bar shi ya kwanta, muka tace shi da rawanina kaɗan-kaɗan. Na wanke matatar, na mayar, na bi bututu gaɓa-gaɓa ina fitar da iska har gazuwal ya fito ba kumfa. Ɗan jiran da na ƙi yi a gari, mun yi abin da ya ninka shi sau da yawa a daji.

Isuhu, gazuwal mai datti ya fi kashe moter fiye da tsufa. Duk inda kuka saya, komai kyan wurin, ka tace. Kada ka karɓi ƙarshen tono. Kada ka bar tasha ba ka da matata ta ajiya, in da hali fiye da ɗaya. Na je garajinku na sami Kosi, ɗan Lome ɗin nan da ya taɓa aiki a bakin ruwa, na zauna na yi masa tambayoyi kamar ɗalibi. Ya ce a teku raɓa na taruwa cikin tankin da ba a cika ba ta zama ruwa, kuma in igiyar ruwa ta girgiza jirgi, duk dattin da ya kwanta yana tashi ya toshe matata. Ka ga ke nan lokacin tashin hankali ne zai yi maka abin da nawa ya yi mini. Ka riƙa cika tanki, ka riƙa tsiyaye ƙasansa. Ka koyi fitar da iska daga bututun wannan moter tun kuna tsaye a tasha, ka maimaita har hannunka ya iya ko idonka a rufe, don ranar da za ka yi shi da gaske daɓen zai riƙa rawa a ƙarƙashinka.

Kosi ya ƙara mini da wani abu da ban sani ba. Ya ce moter ɗin jirgi da ruwan tekun kansa yake shan sanyi, yana zuƙo shi ta ƙasa ya tofar ta bututun hayaƙi. In ka tada shi, ka ruga ka leƙa bayan jirgi. In ba ka ga ruwa na fita tare da hayaƙi ba, kashe shi nan take, ciyawar ruwa ko leda ta toshe hanya, ko ƙaramar fankar roba da ke jawo ruwan ta karye. Ya ce ka riƙe irin fankar nan a ajiye. Na sa ya maimaita mini don kada in rubuta maka kuskure.

Bari in koma hanyar Ingal, don ba ta ƙare da ni ba. Moter ya tashi, muka ci gaba, sai muka kafe a yashin wani kori, busasshen rafi. Na hau kan lodi na kwance faifan ƙarfen da muke shimfiɗa wa taya. Maimakon in miƙa wa kaporal in sauko ta tsani, sai na saɓa shi a kafaɗa na diro. Na ji gwiwata ta hagu ta yi ƙara kamar an karya kara. Kaporal ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau." Na tashi na ci gaba da tono. Da wannan ƙafa na taka ambriyaj, wato kuloci, har muka isa.

Da muka isa rijiyar, mutanen ba su kai yadda aka faɗa mana ba. Murahu da yawa a warwatse, toka a ciki, ba masu su. Wani tsoho Ba'abzine ya taso da sanda ya riƙe hannuna. Na tambaye shi ina sauran jama'a. Ya ce, "Sun jira har suka fid da rai. Masu sauran ƙarfi sun ɗauki yara sun nufi kudu da ƙafa. Mu da ka gani, tashi ne muka kasa." Muka sauke hatsi muka raba. Kaporal Sumana, wanda tun Agadas bai sake fuska ba, ya koma bayan mota ya daɗe bai fito ba. Waɗanda suka tafi, har yau ban san inda suka ƙare ba.

Ka sha jin wannan labari a bakin mutane, amma ina so ka ji shi daga wurina. In kana goge moter kana ganin aikin banza ne, ka tuna akwai rai a rataye da shi. A jirgin nan rai uku ne, ɗaya kuwa naka ne.

Akwai kuma gishiri. Bayan fari ya wuce na yi shekaru ina ɗauko gishirin Tigidda. In na sauke, sai in share bayan mota da tsintsiya in ce ya isa. Ashe yana zuba ta ramukan katako yana cin ƙarfe a ɓoye. Ranar da na gane, ina gangarawa Dabaga ɗaukar kayan lambu, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa. Tsatsa ta huda bututun. Allah Ya taimake ni ba kowa a hanya, na bi ta shingen wani lambu na tsaya a tsakiyar albasar mutane. Mai lambun ya zo da fartanya a hannu, ya dube ni ya dubi motar, ya ce, "Da ka faɗa mini har cikin lambu kake zuwa lodi, da na buɗe maka ƙofa." An yi dariya, amma ban da ni. Kai kuwa a cikin ruwan gishiri za ka zauna, iskar da za ka shaƙa ma gishiri ce. Duk ƙarfen da ka taɓa ka goge shi da ƙyalle mai mai. Kan batir, bakin wayoyi, noti-noti, ka shafa musu maiƙo. Kayan aikinka ka naɗe su cikin tsumma mai mai, kada ka bar kilen kwance noti ko ɗaya ya kwana a waje. In ka ga fari-fari ko kore-kore a kan ƙarfe, kada ka ce gobe.

Yanzu maganar jiki, wadda na san ita ce za ka so ka tsallake.

Da muka dawo Agadas gwiwata ta kumbura ta cika wando. Likita ya duba ya ce in ɗaure ta in huta. Na ce masa, "Wa zai ja motar?" Na fita na koma aiki. Da ciwon ya hana ni sakat, na shiga sayen ƙwayoyi a faifan masu talla a tasha, ja da fari, ban san sunansu ba. Ina haɗiye su da shayi ba komai a cikina. Ciwon yakan lafa, ni kuma in ƙara ɗora wa ƙafar nauyi. Don ina kare ta hagu, ta dama ta ɗauki aikin biyu, ita ma ta lalace, baya ya bi su. Ƙarshenta wata rana a gaban innarka na yi aman jini. Ka tuna lokacin da na kwanta asibiti aka ce muku zazzaɓi ne? Ƙwayoyin nan ne suka ci mini ciki.

Bayan haka na yi wani kuskuren ta ɗaya gefen. Na ji tsoron motsi, na zauna kan tabarma ina jiran ciwo ya tafi. Gaɓoɓin suka sandare, har yatsuna suka daina rufuwa a kan sitiyari. An kai ni Tafadek na shiga ruwan zafi, na ji daɗi ƙwarai, amma da na dawo na koma tabarma, sai abin ya dawo. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ce mini, "Baba, gwiwar nan ba zama take so ba, kuma ba dambe take so ba. Ka riƙa tafiya kaɗan kullum, ka lanƙwasa ta ka miƙe ta a hankali." Da wannan nake takawa yanzu. Da na ji maganar likita tun farko, da yau ina kan hanya, da wataƙila ba sai ka je teku neman abin da za mu ci ba.

Kada ka ce kai yaro ne. Na ga yadda kake dafa gwiwa in za ka fito daga ƙarƙashin mota, na ga kana yarfe hannun dama in ka daɗe kana murɗa noti. Haka nawa ya fara, haka na kakanka. Ka ce wurin moter ɗin matsattse ne, a durƙushe ake aiki. To ka samu tsohon bargo ka ninka ka riƙa sawa ƙarƙashin gwiwa, kada ka ji kunya. In ka ɗan jima, ka fito ka miƙe ka taka, sannan ka koma. Notin da ya ƙi, ka jiƙa shi da mai ka ba shi lokaci, ko ka ƙara wa kile tsawo da bututu, kada ka yi kokawa da shi da wuyan hannunka. In za ka ɗaga batir ko jarka, ka durƙusa ka rungume ta ka tashi da ƙafafu, ban da sunkuyo. Kada ka diro daga jirgi zuwa tudu da kaya a hannu, komai kusancin wurin. Daɓen da ke motsi kuwa, ka riƙa tafiya a kansa gwiwa a sake, kana riƙe da wani abu.

Mu mutanen busasshiyar ƙasa ne, jikinmu bai saba da laima ba. Kada ka kwanta da jiƙaƙƙun tufafi. Ka ware riga da wando na barci ka ƙulle su cikin leda, kada ruwa ya taɓa su. In gaɓa ta yi tsami da safe, ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka ɗora, ka shafa man kaɗanyar da innarka ta sa maka a jaka, ka motsa ta a hankali kafin ka ɗora mata aiki. In bugewa ka yi ta kumbura, ruwan sanyi za ka sa, ka ɗaure, ka ɗaga ƙafar, ka huta. In kuwa gaɓa ta yi ja ta yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ya wuce man shafawa, ka ce a kai ka wurin likita a tasha mafi kusa. Ƙwaya kada ka sha sai wadda likita ya ba ka, kuma sai ka ci abinci.

Abin da ya haɗa duka shi ne baki. Ni kalmar "lafiya lau" ce ta gurgunta ni. In moter na bukatar a tsaya, ka gaya wa mai jirgi a tsaya, cikin ladabi, amma kada ka janye don ya ɓata rai. In jikinka ne, ka faɗa tun abin yana ƙarami. Shi ma tsoho ne, na ga yatsunsa ranar da ya zo gaishe ni, irin nawa ne, shi ya sa yake neman hannunka. Zai gane. Ka riƙe amanarsa da ta matarsa, ka riƙe sallarka. Na tambayi liman, ya ce ka fuskanci gabas gwargwadon iyawarka, in tsayuwa ta gagara saboda rawar jirgi ka yi a zaune, Allah Ya san halin da kake ciki.

Za ka riƙa jin labarin ƙasar nan daga nesa, kuma daga nesa komai ya fi muni. Kada ka baro aikinka ka rugo don ka ji an ce fari ya ƙaru. Mun ga na farko, muna nan. Kawunka na Dabaga ya ƙara wa rijiyarsa zurfi, ya sami ruwa, ni zan koma can in riƙa kula masa da injin ban ruwa, aikin da ake yi a zaune. Ba za mu kwanta ba. Kai ma ka tsaya ka ƙware, ka dawo da sana'ar da babu mai ita a garin nan.

Abu ɗaya ya rage. Ka san na daɗe ina salla a kan kujera. Ranar da motarku ta tashi, na wuce babban masallaci na yi azahar. Da aka zo sujada ta ƙarshe na ture kujerar na sauka ƙasa, na sa goshina a kan yashi na roƙa maka abin da ban iya faɗa maka a tasha ba. Mutum biyu ne suka ɗaga ni bayan sallama. Ɗaya ya ce, "Malam Garba, me ya kai ka?" Na ce, "Ɗana ne zai shiga teku." Gwiwar ta rama a kaina, ban damu ba. Duk Juma'a zan sauka haka har ranar da za ka shigo gidan nan.

Allah Ya sa ka fita a sa'a. Allah Ya kwantar maka da ruwa, Ya ba hannunka albarka, Ya ƙarfafa gaɓoɓinka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda kuka tsaya. Allah Ya ba ƙasarmu damina. Na yafe maka duniya da lahira, innarka ma haka. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Shofer, Agadas.